Shekarar da Aka Raɗa wa Ilhan Suna

Na jima ina jin abin da ake faɗa a kan sunan yaron nan, na kuma jima ina yin kamar ban ji ba. Wasu sun ce a fina-finan Turkawa da ake fassarawa na tsinto shi, ni da ko labarai aka kunna sai barci ya sace ni. Wasu sun ce taurin kaina ne ya kwantar da Babanku. Wannan ta biyun har a bakin ɗaya daga cikinku na ji ta, ba zan faɗi ko wace ce ba, ta san kanta. To, tunda Allah ya ara mini kwana har na kawo wannan babi, zan faɗa muku yadda aka yi, ku da shi Ilhan ɗin, wanda yanzu ya yi girman da zai karanta da kansa. Ban zo neman a wanke ni ba. So nake ku daina ƙarasa labarin da ba ku ji farkonsa ba.

Hammanku, wato babban yayanku, shi ne ɗanmu na fari, kun kuwa san yadda gidanmu yake da ɗan fari. Sunansa na yanka sunan babban sahabin nan ne, halifa na farko, amma daga ni har Babanku babu wanda ya taɓa furta shi. Ni "kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "wancan". Babanku kuwa, da yake fulatancinsa ya fi nawa kauri, ko "kai" ɗin ma sai ta kama dole. Gyaran murya kawai yake yi daga zaure, yaron ya baro abin da yake yi ya taho. Na daɗe ina koyarwa a firamare nan Pantami, kuma ba a rasa mai irin sunansa a kowane aji, sai in ce "mai sunan manya, tashi", yara su yi ta ƙyaƙyata dariya. Ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. Haka muka taras ana yi, kuma a ganinmu ita ce ƙaunar, a ɓoye ta don kada ta yi yawa a idon mutane.

Da ya tafi ƙasar Turkiyya karatun injiniya, a sanyinsa na farko ya kwanta ciwon ƙirji. Mu ba mu sani ba sai bayan ya tashi, don ya gaji ubansa wajen ɓoye ciwo. Wanda ya yi jinyarsa shi ne mai gidan da yake haya, wani dattijo da matarsa ta rasu, bai kuma taɓa haihuwa ba. Shi ya kai shi asibiti, shi ya zauna a kansa, shi yake dafa masa romo yana ba shi a baki. Sunan dattijon Ilhan. Hamma ya gama ya dawo, ya sami aiki, ya auri Hauwa 'yar Malam Inna, muka ware musu sashe a cikin gida. Wata ranar Asabar da hantsi ina tsakar gida ina gyaran zogale, ya jawo kujerar tsuguno ya zauna nesa kaɗan, yana ta sosa ƙeya kamar wanda ya fasa tulu.

"Dada, magana na zo da ita, amma kada ki yi mini dariya."

"Ka ga alamar ina da lokacin dariya? Faɗi."

"In Allah ya kawo baƙo gidan nan, ya kuma zama namiji, ina so a sa masa Ilhan."

"Ilham? Namiji? Sanyin ƙasar can ya taɓa maka kai ne? Ilham ai ga ta can gidan Liman tana tallan awara."

"Ba Ilham ba, Dada. Ilhan. Da nun ne, ba da mim ba."

"To mene ne marabarsu? Da malam da malan ai duk mutum ɗaya ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce matsalarmu ke nan, bakinmu ba ya raba waɗannan haruffa biyu in sun zo ƙarshen kalma, kunnenmu ma haka. Ya ce Ilham Larabci ne, wannan kuwa tsohon harshen Turkawa ne, kalma biyu aka haɗa: "il" ƙasa da mutanen cikinta, "han" kuma sarki. Wato sarkin ƙasa. A dā sarauta ce ta wasu sarakuna can gabas, da zamaninsu ya wuce sai sunan ya sauko cikin gidajen talakawa ana sa wa 'ya'ya maza, kamar yadda a nan za ka ji yaro Lamiɗo ko Yarima alhali ubansa faci yake yi a bakin titi. Ya sa ni na yi ta maimaitawa kamar 'yar aji ɗaya, ni da nake sa wasu.

"Kada ki rufe baki a ƙarshe, Dada. Kina rufewa ya zama mace."

Daga nan sai dariyar ta ɗauke. Ya ce ranar da zai baro ƙasar, dattijon ya rako shi har bakin mota, ya ce masa ba abin da ke damunsa sai dai sunansa daga kansa zai ƙare. Shi kuma ya riƙe hannunsa ya ce in Allah ya ba shi ɗa namiji zai yi masa takwara. Dattijon ya yi kuka. Bai daɗe ba kuma labarin rasuwarsa ya iso.

"Ba laƙabi nake nufi ba, Dada. Sunan yanka. Takwara ai da rago ake yi."

"Sai ka je ka faɗa wa Babanka."

"Ni? In tsaya gaban Baba in yi maganar haihuwa? Ke dai za ki shawo mini kansa."

"Na ji. Tashi ka ba ni wuri, ka tare mini haske."

Wannan "na ji" ɗin ita ce duk alkawarin da na yi masa, kuma da ita na kore shi. A daminar shekarar ya kama hanyar Bauchi don wani aiki, motarsu ta yi karo da babbar mota. Da rana tsaka aka zo aka faɗa mana. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kun san shi, kuna nan. Abin da ba ku sani ba shi ne halin da Babanku ya shiga, don ku fuskarsa kawai kuka gani, ita kuwa ba ta motsa ba. Ya karɓi gaisuwa a ƙofar gida, yana amsa "sai haƙuri" kamar ɗan wani ne ya rasu. Masu addu'a suna ta ambaton sunan mamacin a gabansa, kowa ya faɗa, har yaran unguwa, shi kaɗai ne ba zai iya ba. Ni na yi kuka har muryata ta dushe, ban ji kunyar kowa ba. Shi bai samu ko wannan ba, ramewa kawai ya yi ta yi a cikin riga.

Bayan sadakar arba'in na same shi shi kaɗai na gaya masa wasiyyar sunan da Hammanku ya bari. Ya saurara har na gama, bai ce uffan ba. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin yarda, don sau da yawa haka yake yarda. Hauwa ta ci gaba da takaba a wurinmu har Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Babanku ya je asibiti ya karɓi jariri, ya juya wa mutane baya ya yi masa huɗuba. Da ya dawo gida na ga fuskarsa da wani haske da rabona da gani tun kafin rasuwar. Har tambaya ya yi ko akwai sauran fura.

"Na yi masa huɗuba," in ji shi. "Na mayar da sunan ubansa."

"Malam, na fa gaya maka abin da ya bari."

"Na ji ki a lokacin. Maganar ƙuruciya ce."

"Alkawari ya yi wa mutum. Mutumin ya tafi, shi ma ya tafi. Wa ya rage ya cika in ba mu ba?"

Ya ajiye ludayi. Sannan ya yi maganar da har in mutu ba za ta bar kunnena ba.

"Kin san yau ne sunan nan ya fara fita daga bakina? A kunnen jariri na faɗa, a hankali, ba wanda ya ji. Shekara da shekaru ina haɗiye shi, ina cewa kunya. Yau na ji yadda yake a baki. Ki bar mini shi."

Wallahi saura kaɗan in bar masa. Mutumin nan tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa roƙona komai ba, umarni yake bayarwa ko ya yi shiru. Na fita na zauna bayan ɗaki ina kuka, maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ta leƙo ta katanga ta gan ni. Da na ba ta labari ta ce, "Haba Dada, wannan ai ba abin kuka ba ne. Yaran yanzu wa ke da suna ɗaya? A yanka da ɗaya, a riƙa kira da ɗayan." Na ga kamar ta kawo mafita. Na koma na ce masa a yanka rago da sunan da yaron ya zaɓa, shi kuma ya kira jikansa da duk abin da ransa ke so, ba mai hana shi. Ya girgiza kai.

"Sunan da ba a yanka wa rago ba aro ne. Ni ba zan kira ɗana da sunan aro ba."

Kun ji fa. Uba da ɗa, ba su taɓa zama sun yi hira ta kirki ba, amma a kan wannan bakinsu ɗaya, kuma ni suka bari a tsakiya. Na shiga wurin Hauwa, tana zaune da jariri a cinya, idanu sun kumbura. Na tambaye ta abin da take so. Yarinya ce mai kunya, ko kallona ba ta iya yi.

"Dada, ni ba ni da ta cewa a gaban Baba. Amma tun yana ciki da sunan yake kiransa. In ya dawo aiki sai ya ce, ina Ilhan, ya yi motsi yau?"

A nan na yanke. Yaron nan ya riga ya ji sunansa daga bakin ubansa, kuma shi ne kaɗai abin da zai taɓa ji daga wannan bakin. Na yafa mayafi na tafi gidan Liman, na faɗa wa matarsa, ta shigar da ni wurinsa. Ya tambayi ma'anar sunan, na faɗa masa yadda aka faɗa mini. Ya ce babu aibi a ciki, kuma uba shi ya fi kowa haƙƙin zaɓa wa ɗansa suna, tunda ga uwa ga mata duk sun ji daga bakinsa. Ya ce zai yi wa Malam magana cikin hikima. Ya yi ɗin, bayan la'asar, amma babu hikimar da za ta ɓoye cewa ni na je. Babanku ya shigo ya tsaya a tsakar gida, bai zauna ba.

"Kin kai ni ƙara."

"Tambaya na yi, Malam."

"A unguwar da na yi furfura. To, za a yi yadda ya ce. Ba don ke ba."

Ranar suna da sassafe maza suka cika ƙofar gida, mu mata muna ciki mun kasa kunne. Mahauci yana gefe da wuƙa, an kayar da rago, ana jiran a faɗi suna ya yanka. Babanku ya sunkuya ya raɗa wa Liman, da muryar da ko shi kansa da ƙyar ya ji. Liman kuwa, duk da bayanin da na yi masa, kunnensa irin namu ne na mutanen nan, ya miƙa wa maroƙi abin da ya saba ji. Sai muka ji maroƙi ya ɗaga murya.

"Suna Ilham! Ashe mace aka samu! Allah ya raya Ilhamu, Allah ya kawo miji nagari!"

Tsakar gida ta ɗauki ƙus-ƙus. Wata daga dangin Hauwa ta ce, "A'a, ba namiji aka ce mana ba?" Na jira in ji Babanku ya gyara, ban ji ba. Na san yana can kansa a ƙasa, abin duniya ya ishe shi, ba zai sake buɗe baki ba. Na kuma san in wuƙar nan ta sauka a haka, shi bai sami nasa ba, Hammanku bai sami nasa ba, duk ɓacin ran ya tashi a banza. Ban san lokacin da na ratsa zaure ba. Sai ga ni a bakin ƙofa, a gaban mazan Pantami, abin da ban taɓa yi ba, ko takalmi babu a ƙafata.

"Kada a yanka! Namiji ne. Da nun ne, ba da mim ba!"

Samarin da ke baya suka fashe da dariya, wasu dattawan ma suka rufe baki da hannun riga. Maroƙi ya ce, "To Hajiya Malama, yau kuma darasu za a yi mana?" Liman ya rikice, ya juya ya ce Malam ya sake faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Babanku ya miƙe tsaye. Bai dube ni ba. Ya faɗi sunan a fili, ya kuma faɗe shi daidai, bakinsa a buɗe a ƙarshe, ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. A lokacin na gane ashe ya zauna shi kaɗai ya koya, don kada ya ɓata wa ɗansa. Aka shafa fatiha, aka yanka rago. Ya shige ɗakinsa, ko naman sunan bai taɓa ba.

Ku da kuke cewa mun yi rigima, ba mu yi ba. Da ma rigimar aka yi, da ta wuce. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai rage ni da komai ba. Hirar da muke yi bayan ya dawo daga masallaci ce kawai ta mutu, da 'yar tsokanar da yake yi mini in miya ta yi gishiri. Muka koma ina kwana, lafiya lau, ga abinci, an gode. Hauwa ta yaye yaro, daga baya ta yi aure a Kagarawal da yardarmu, ta bar mana shi. Babanku ya so yaron nan kamar ransa. Shi ke ɗora shi a kafaɗa, shi ke ɓare masa gyaɗa, abin da bai taɓa yi wa ubansa ba. Amma bai taɓa kiransa da suna ba, ko wannan ko wancan. Gyaran murya yake yi daga zaure, yaron ya taho da gudu. Duk lokacin da na ji wannan gyaran muryar sai in tuna wanda aka saba kira da ita. Na hana shi suna ɗaya, shi kuma ya hana kansa ɗayan.

Hawan jinin da ya kayar da shi ya daɗe da shi tun kafin a haifi Ilhan, ku tambayi Maman Rifkatu, ita ke auna shi. Wannan na faɗa ne don mai cewa ni na kwantar da shi. Da ɓarin jikinsa ya shanye, mukan fito da shi tsakar gida da hantsi ya sha rana a kujera. Wata rana yana zaune haka, ina gefe ina yanka kuɓewa, Ilhan yana bakin rijiya yana jan motar gwangwani, lokacin bai shiga makaranta ba. Na ga Babanku ya tsura masa ido ya daɗe. Na zaci gyaran murya zai yi. Sai na ji ya buɗe baki, da harshen nan da ya yi nauyi.

"Abubakar."

Yaro bai waiwayo ba. Ina zai waiwayo? Motarsa yake ja yana yi mata kukan inji da baki. Babanku ya tattara ƙarfinsa ya sake kira, har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Abubakar!"

Wuƙa ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Kai, kakanka na kira. Amsa mana."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi kakansa, da mamaki irin na yara.

"Ai ba sunana ba ne. Ni Ilhan ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Babanku kuwa sai ya yi murmushi da ɓarin fuskar da ke motsi, hawaye na bin ɗaya ɓarin. Ranar na fara ganin hawayensa.

"Gaskiyarka," in ji shi. "Yi wasanka."

Bai sake gwadawa ba, kuma bai kai damina ba.

Ilhan, sunanka ba daga fim ya fito ba. Wani dattijo ne ya yi jinyar ubanka a ƙasar da ba shi da kowa, ubanka ya yi masa alkawari, kakanka ya miƙe a gaban mutane ya cika shi da bakinsa alhali zuciyarsa na son wani abu dabam. Da za a mayar da ni safiyar nan, zan sake fita ƙofar gidan, ko da takalmi ko babu. Amma kada wani a cikinku ya zaci na ci riba. Kullum in na ƙwala maka kira ka ce "Na'am, Dada", daɗi yakan kama ni, a bayansa kuma sai in ji wancan kiran na tsakar gida, wanda aka yi da ƙyar bayan shekaru, ba a kuma sami mai amsawa ba.